Wata biyar bayan hatsarin babur: ƙanina zai iya fara motsa jiki?

Tambaya: Likita, ƙanina ɗan shekara 28 ya yi hatsari a kan babur wata biyar da suka wuce, kansa ya bugu da kwalta. Kwana tara ya yi bai san inda kansa yake ba. Alhamdu lillahi an sallame shi, yana tafiya da ƙafarsa, sai dai yana ɗan jan ta hagu, ga saurin gajiya da mantuwa da saurin fushi. Shi yana son ya riƙa fita yana motsa jiki, amma mahaifiyarmu ta ce ko ƙofar gida ba zai leƙa ba, kada ƙwaƙwalwar ta sake girgiza. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara masa lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Kin sa ni alƙalanci tsakanin uwa da ɗanta, aikin da ba kowa ke so ba. Amma tunda kin tambaya, ƙaninki ya fi kusa da gaskiya, bisa sharaɗi. Tsoron Hajiya yana da tushe, sai dai ta ɗora shi a inda ba nan haɗarin yake ba. Tafiya a ƙasa ko murza keken motsa jiki ba ya girgiza ƙwaƙwalwa. Abin da za a tsorata masa shi ne ya faɗi kansa ya sake buguwa, wannan kuwa akwai hanyar kauce masa ba tare da an kulle mutum a ɗaki ba.

Bari in fara da abin da kwanciya ke yi wa jiki, don a nan ne iyali suka fi ruɗuwa. A shekarar 1966, a birnin Dallas na Amurka, masu bincike suka kwantar da wasu samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara ashirin, mako uku cur a kan gado. Da suka tashi, ƙarfin da zuciya da huhunsu ke da shi na kai iska ga jiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara talatin aka sake gwada mutanen nan, sai aka tarar kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara talatin yi musu ɓarna. Waɗannan fa ba abin da ya sami kansu. To ki kwatanta da ƙaninki, wanda ya yi kwana tara a sume, ya yi makonni a gadon asibiti, sannan watanni daga tabarma sai kujera. Wani kaso mai yawa na gajiyar da kike gani ba daga raunin ba ne, daga zaman ne. Ga kuma yadda abin ke cin kansa: ya ɗan motsa ya gaji, a ce masa kwanta, ya kwanta jiki ya ƙara mutuwa, gobe ya gaji da abin da bai kai na jiya ba, Hajiya ta ce ai ga shi nan, na faɗa muku.

Motsa jikin da nake nufi shi ne irin wanda ke ɗaga numfashi da bugun zuciya, a kuma daɗe ana yinsa ba yankewa: tattaki da ɗan sauri, murza keken da ke girke wuri guda, tafiya a kan injin tafiya. Ɗaga ƙarfe da miƙe gaɓoɓi suna da nasu amfani, amma wani babi ne daban.

Ba Hajiya kaɗai ba, mu ma masu aikin lafiya mun daɗe a kan irin ra'ayinta. Shekaru da yawa, wanda kansa ya bugu umarni guda ake ba shi: ɗaki mai duhu, ba karatu, ba kallo, ba motsi, sai duk alamun sun ɓace. A 2015 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka, kan matasa 'yan shekara 11 zuwa 22 da suka sami ƙaramar buguwar kai. An umarci wasu su huta sosai kwana biyar, wasu kuma kwana ɗaya ko biyu su koma harkokinsu sannu a hankali. Masu hutun kwana biyar ɗin su ne suka fi kukan ciwon kai da sauran alamu. Sai kuma aikin Dakta John Leddy da abokin aikinsa Barry Willer na Jami'ar Buffalo, waɗanda suka juya tunanin gaba ɗaya. A gwajin da suka wallafa a 2019, matasa 103 'yan shekara 13 zuwa 18 da kansu ya bugu a wajen wasanni, an raba su biyu cikin kwana goma da buguwar. Waɗanda aka sa motsa jiki mai ɗaga bugun zuciya na kimanin minti ashirin kullum sun warke a tsaka-tsakin kwana 13, waɗanda aka sa miƙe gaɓoɓi kawai kuma kwana 17. Shi ya sa babban taron masana buguwar kai a wasanni da aka yi a Amsterdam a 2022 ya tsayar da cewa hutun farko kada ya wuce awa 24 zuwa 48, kuma ko a cikin wannan lokacin ba kwanciya ake nufi ba, mutum na iya ɗan zagayawa a gida.

Sai dai in faɗa miki gaskiya, waɗancan yaran ba irin ƙaninki ba ne. Likitoci na auna girman raunin kai da ma'aunin Glasgow, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974, daga maki 3 zuwa 15. Maki 13 zuwa 15 ƙaramin rauni ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa kuma mai tsanani. Wanda ya yi kwana tara a sume yana sahun masu tsanani. A kan irinsu binciken bai kai yawan na farko ba. Wani nazari na cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, a 2017 ya tattara gwaje-gwaje takwas da suka ƙunshi mutum 399, ya ga alamar cewa motsa jiki na ƙara musu ƙarfin zuciya da huhu, amma hujjar ba mai ƙarfi ba ce, balle a kan mantuwa da kaifin tunani. Don haka duk wanda ya ce muku tattaki zai dawo masa da duk abin da ya manta, ya zarce abin da aka tabbatar. Abin da zan iya yi muku alkawari ya fi wannan ƙanƙanta, amma a rayuwar yau da kullum ba ƙarami ba ne: ƙarfin jiki, barci mai kyau, sauƙin ƙuncin rai, da kariya daga ƙiba, hawan jini da ciwon suga, waɗanda ke jiran duk matashin da ya koma zama wuri guda.

Me ya sa yake aiki? Akwai wani sashe na jijiyoyi da ke tafiyar da abubuwan da ba mu sa hannu a cikinsu: bugun zuciya, matsewa da buɗewar hanyoyin jini, gumi, da yawan jinin da ke hawa kai. Buguwar kai na dagula wannan lissafi. Sai mutum ya ɗan yi ƙoƙari, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ƙi daidaita da buƙata, kai ya sara, jiri ya taso. Motsa jiki a ƙasa da matakin da ke tayar da waɗannan alamu, ana maimaitawa kullum, yana sake horar da tsarin, matakin kuma ya riƙa matsawa sama. Ban da wannan, motsa jiki na ƙara wani sinadari da ake kira BDNF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su kuma ƙulla sababbin hanyoyi tsakaninsu. A nan akwai wani darasi da zai faranta wa Hajiya rai. A 2004 Grace Griesbach da abokan aikinta a Jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles suka gwada ɓerayen da aka raunata wa ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka bari suka fara gudu tun makon farko sinadarin bai ƙaru ba, koyonsu ma ya ƙara lalacewa. Waɗanda aka jinkirta wa zuwa mako biyu sun amfana. Ɓera ba mutum ba ne, amma saƙon a fili yake: lokaci da gwargwado su ne maganar. Da a makon farko ƙaninki ya nemi fita gudu, da bayan Hajiya zan bi. Wata biyar kuwa an wuce wurin.

Yanzu sharaɗin. Kafin ya fara, ku koma wurin likitan da ya duba kansa, ku tambaye shi kai tsaye ko akwai abin da zai hana. Ku tabbatar an yi maganar abubuwa kaɗan. Shin an cire masa wani ɓangare na ƙoƙon kai da ba a mayar ba tukuna? In haka ne, faɗuwa ɗaya na iya zama babbar masifa, sai da hular kariya da mai rakiya. Shin ya taɓa yin farfaɗiya bayan hatsarin? Tana iya biyo bayan rauni mai tsanani ko da watanni sun shuɗe. Ba ta hana motsa jiki, amma tana hana iyo shi kaɗai, hawa sama, da tafiya gefen titi ko bakin rijiya ba kowa. Sannan magungunansa. Na farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazefin na iya sa barci da tangaɗi. Na hawan jini da zuciya irin su furofuranolol da atenolol kuma suna danne bugun zuciya, ta yadda ƙirgen da zan koya muku ba zai yi aiki a kansa ba. Kada ya daina shan ko ɗaya don kansa, musamman na farfaɗiya. A kuma duba wuyansa, don wanda kansa ya daki kwalta sau da yawa wuyansa ma kan taɓu, kuma ciwon kai da yawa daga can yake tasowa.

Bayan likita, sai sashen gashi, wurin likitan fisiyo. Na san mutanenmu sun ɗauka aikinmu, mu likitocin fisiyo, bai wuce gasa ƙashi da tausa ba, amma tsara irin wannan motsa jiki yana tsakiyar aikin. Inda akwai kayan aiki, akan yi gwajin da mutanen Buffalo suka tsara: a ɗora mutum kan injin tafiya, kowane minti a ɗan ƙara tudu, ana duba bugun zuciyarsa ana tambayarsa yadda yake ji, har alamun su tashi da maki uku cikin goma. Bugun zuciyar da aka gani a lokacin shi ne iyakarsa, sai a ce ya riƙa motsa jiki a kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wannan adadi. Ga mai jan ƙafa irin ƙaninki, keken girke ya fi injin tafiya aminci, akwai kuma irin gwajin na keke.

In babu wannan a kusa, akwai lissafin da za ku iya yi a gida. A cire shekarunsa daga 220, a sami 192, wato ƙiyasin iyakar bugun zuciyarsa a minti. Ya fara a wajen kashi 55 cikin ɗari, wato bugu 106, daga baya ya hau zuwa kashi 70, wajen 134. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ki ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar, ki ninka sau huɗu. Ƙirge 26 ko 27 shi ne matakin farko, 33 ko 34 na biyu. Ƙiyasi ne kawai, don haka ki haɗa da ma'aunin da ya fi kowanne sauƙi, wato magana. In yana tafe yana iya hira da ke, numfashi ya ɗan ɗaga amma jimla na fita cikakkiya, daidai ne. In sai ya yanke magana ya ja iska, ya zarce.

Akwai ƙa'ida guda da nake so ku rubuta a takarda ku manna a bango, saboda mantuwarsa. Kafin ya fara, ya auna yadda yake jin ciwon kai ko jiri daga sifili zuwa goma. In yana cikin yi abin ya ƙaru da maki ɗaya ko biyu, kuma ya lafa cikin awa guda bayan ya tsaya, ba laifi, ba alamar ɓarna ba ce. In ya haura biyu, ya tsaya, gobe ya sake gwadawa a ƙasa da na yau. Wannan ƙa'ida daga masu ƙaramar buguwa aka samo ta, amma ita nake bi da masu babban rauni ma, don tana cire wa iyali tsoro, tana kuma taka wa mai zumuɗi birki.

Zumuɗin nan kuwa shi ne abin da na fi gani yana ɓata aiki. Raunin gaban ƙwaƙwalwa na taɓa wurin da ke sa mutum ya auna abu ya kuma san iyakarsa, shi ne ma tushen saurin fushin da kika ambata. Matashi zai tashi ranar da ya ji daɗin jikinsa ya yi tafiyar awa biyu don ya nuna wa gida ya warke, sannan ya kwanta kwana uku kai na sarawa. Na sha ganin haka, kuma kusan kullum bayan wannan ne uwa ke rufe ƙofa. Akwai kuma akasinsa, wanda raunin ya kashe wa himma: yana so, ya yarda, amma ba zai iya tashi ya fara ba sai an ce taso. Iyali su ce lalaci ne, alhali ciwon ne. Maganin duka biyun ɗaya ne, wato lokaci tsayayye da abokin tafiya tsayayye. A samu ƙani ko aboki mai haƙuri, wanda ba zai mayar da abin gasa ba.

Ga yadda zan fara da shi. Makon farko, minti biyar zuwa goma, sau biyu a rana, a tsakar gida ko wani fili mai laushi marar ramuka, da takalmi mai rufe ƙafa. Silifas da jan ƙafa ba sa haɗuwa. Kowane mako a ƙara minti biyu ko uku, a tsawaita lokaci tukuna kafin a ƙara sauri, har ya kai minti ashirin zuwa talatin a jere, kwana biyar a mako. In ya kai minti talatin, wannan ya kai shi minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so kowane baligi ya samu a mako, wanda a ƙa'idojinta na 2020 ta ce ya haɗa da masu lalura ta musamman. Zai iya ɗaukar wata biyu, zai iya ɗaukar shida. A ajiye ƙaramin littafi: kwanan wata, minti nawa, maki nawa kafin da bayan. Mai mantuwa ba ya ganin ci gabansa sai a rubuce, Hajiya ma littafin nan zai fi bakina gamsar da ita.

Sai yanayinmu. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni sau da yawa ba ya jure zafi kamar da, a bazara kuwa garuruwanmu na haura digiri 40. Ya fita da sassafe, amma sai gari ya waye tangaran, domin mai matsalar tsayuwa da idonsa yake cike giɓin, duhun asuba kuma zai hana shi wannan. In ba haka ba, sai rana ta yi sanyi bayan la'asar. Ya sha ruwa kafin da bayan. Hayaniya ma gajiya ce a gare shi: bakin kasuwa, hon ɗin motoci, masu tsayar da shi gaisuwa da jaje kowane taku goma, duk suna cin ƙarfin ƙwaƙwalwa kafin ƙafa ta gaji. A zaɓi layin da ba cunkoso. In azumi ya zo, a zauna da likita tun kafin a ga wata, musamman in yana shan maganin farfaɗiya da ba a so lokacinsa ya goce. In ya sami izinin yi, motsa jikin ya koma bayan buɗa baki.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma zan sa baki: ki tambaye shi ko ɗaki na juya masa na 'yan daƙiƙu idan ya yi ruku'u ko sujada, ko ya juya a kan gado. In haka ne, wataƙila wasu 'yan ƙananan duwatsu ne da ke cikin kunne suka goce daga mazauninsu saboda buguwar. Abu ne da ke yawan faruwa, kuma likitan fisiyo ko na kunne na iya mayar da su da wani salon juya kai da ake kira Epley, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu. Mutane kan yi shekara suna salla a zaune saboda abin da za a gyara a minti goma. Haka kuma in ya yi wata biyu ko uku yana bin tsarin nan amma gajiyar ba ta motsa ba, a nemi gwajin jini. Akwai wata 'yar ƙaramar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke sarrafa sinadaran jiki, raunin kai kan taɓa ta, kuma ana yawan mantawa da ita. Baƙin ciki mai zurfi ma na zuwa da kamar gajiya, shi ma yana da magani.

Abubuwan da ba zai yi ba yanzu: ƙwallon ƙafa, ko da na layi ne da yara, dambe, kokawa, keken hawa a titi, da ɗaga nauyin da ke sa riƙe numfashi da yunƙuri. Sassarfa ma ta jira sai ƙafar hagun ta daina ja kuma likitan fisiyo ya gwada tsayuwarsa. Babur kuwa, ko goyo ne, ni ban yarda ba tukuna, ranar da aka yarda kuma sai da hular kwano.

Ku tsayar da komai ku nufi asibiti nan take in kuka ga ciwon kai mai tsanani da ke ƙaruwa, amai a kai a kai, farfaɗiya, sabon rashin ƙarfi ko mutuwar wani ɓarin jiki, harshe ya karye, gani biyu-biyu, ruɗewa ko barcin da ke da wuyar tashi, ruwa garai-garai na fita ta hanci ko kunne, ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Haka ma in ya faɗi kansa ya bugu, ko da ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau.

Game da Hajiya, kada ku je mata da cewa likita ya ce ba ta da gaskiya. Matar da ta yi kwana tara a bakin gado tana jiran ɗanta ya buɗe ido, ba da lissafin bugun zuciya za a cire mata tsoro ba. Ku tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Makon farko kuma a yi tafiyar a tsakar gida tana zaune tana kallo, a ba ta agogo, ita ce za ta ce minti goma sun cika.